Kaftanin Abba, zanen Mama: yadda ake fitar wa yara kaya daga tsofaffin tufafi

Wata baiwar Allah daga unguwar Rikkos da ke Jos ta aiko da tambaya. Ta ce tana da yara biyu, mace 'yar shekara 4 da namiji ɗan shekara 2. Kayansu duk sun matse, kuɗin atamfa da na ɗinki kuma sun fi ƙarfinta a bana. Ga akwati cike da tsofaffin kaftanin maigida, da zannuwanta, da wasu na mahaifiyarta mai rasuwa. Tana da keken ɗinki na ƙafa da aka sa mata a kayan ɗaki, ta kuma ɗan iya miƙe ɗinki. Shin za a iya fitar wa yara kayan kirki daga ciki, ko wahalar banza ce?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, su kuma yaran Allah ya raya miki su.

Za a iya, kuma ba wahalar banza ba ce. Tun kafin gobarar kasuwar Terminus ta 2002 na fara koyon ɗinki a garin nan, kuma cikin yaran da na haifa babu wanda bai sa kayan da na fitar daga na babansu ba. Sai dai akwai abin da nake so ki fara cirewa daga ranki. Ba rage rigar babba za ki yi ba. Yawancin masu farawa a nan suke faɗuwa: mace ta ɗauki kaftanin miji ta datse ƙasa, ta matse gefe, ta gutsure hannu, ta zura wa yaro. Wuya ya zazzago har kafaɗa, aljihu ya sauka gwiwa, duk wanda ya gani ya san kwance ne. Abin da za ki yi shi ne ki farke rigar gaba ɗaya ta koma yadi, sannan ki yanka wa yaron sabuwa a ciki bisa awonsa, kamar yau kika sayo yadin daga kasuwa.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne tufa ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana mutuwa ne a wurare sanannu, inda jiki ke gogarta da inda gumi ke zama. Kaftani yana mutuwa a wuya, da hammata, da bakin hannu, da bakin aljihu, da wajen zama. Daga ƙirji zuwa ƙasa ta gaba, da tsakiyar baya, sau da yawa lafiya lau suke ko da rigar ta shekara biyar ana sawa. Wando yana mutuwa a gwiwa da hantsa, amma bayan ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa kusan sabo yake. Zani yana mutuwa a tsakiya inda ake zama, da bakin sama inda ake soke shi. In kuwa ya yi goyo, tsakiyar nan fitsari ya riga ya cinye ta. Gefensa biyu su ne dukiyarki. Babbar riga kuwa ita ce uwar garke, domin cikakken ɗinkinta da 'yar ciki da wando yakan ci yadi 10, kuma ba kullum ake sa ta ba. Fukafukanta kaɗai za su tufatar da yaranki biyu har a samu saura.

Kafin almakashi ya taɓa komai, ki nemi izini. Kada ki dubi riga ki yanke hukuncin cewa maigida ya gama da ita. Maza suna da wata riga guda da ta koɗe ta jeme amma suna ji da ita kamar rai, kuma ba za ki gane wace ce ba sai kin yanka. Ki baje su gabansa ya ware da hannunsa. Zannuwan Mama kuma, in ba a raba gado ba, ba naki ba ne ke kaɗai. Tufafin mamaci suna cikin abin da ya bari. Ki yi magana da 'yan'uwanki tukuna. In an riga an raba, waɗannan kuma rabonki ne, to bismilla. Ni dai shawarata ki ajiye guda ɗaya kada ki yanka.

Sai gwajin yadi, kuma a nan nake so ki fi ba da hankali, domin aikin awa biyar a kan ruɓaɓɓen yadi asara ce tsantsa. Ki fita tsakar gida da rana, ki ɗaga tufar ki kalli rana ta cikinta. Inda haske ya fi ratsawa, nan ta sirance. Ki zagaye wurin da alli. Sannan ki kama yadin da manyan yatsunki biyu, ki ja da ɗan ƙarfi ta tsayi, ki sake ja ta faɗi. In kin ga zaruruwa suna buɗewa, ko kin ji wata 'yar ƙara kamar ana tsaga takarda, ya tashi daga aikin sutura ya koma tsumman goge-goge. Ki gwada wurare da dama, kada ki tsaya a guda.

Shadda ita ce babbar mayaudariya. Sitaci da bugu suna sa ta yi ta sheƙi alhali ta karye a layin ninki. Na taɓa fitar wa ɗana na fari kaftani daga wata farar shadda da ta daɗe a ninke a ƙasan akwati. Ta yi kyau ƙwarai, har maƙwabta suna tambayar inda na saya. Ranar Sallah ya durƙusa gaida kakarsa, bayan rigar ya tsage tun daga kafaɗa har ƙugu, a miƙe sak kamar an sa reza, daidai inda tsohon ninkin yake. Tun ranar ba na gwada shadda sai na wanke ta sitacin ya fita, kuma ba na barin tsohon layin ninki ya faɗo tsakiyar riga. In ya zama dole, sai in sa shi ya faɗa inda za a yi ɗinki.

Koɗewa kuwa ba mutuwa ba ce. Yadin maza da rana ta cinye masa launi ta waje, juya shi ki ga cikinsa. Sau da yawa launin na nan daram, sai ki mai da ciki ya zama waje. Atamfa ta ainihi, irin su Holan da sufa, rininta ya ratsa fuska biyu, don haka ita ma tana juyuwa. Mai arha da aka buga wa zane a fuska ɗaya ba ta juyuwa, bayanta fari-fari ne.

Ki kuma san da me aka saƙa yadin. Zare 'yan zaruruwa daga gefe, ki riƙe a kan faranti, ki kunna musu ashana. Auduga tana ci da wuta, tana warin ƙonanniyar takarda, tokarta laushi gare ta. Mai roba narkewa yake, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, kuma ba ya son kama wuta. Wannan gwaji yana da muhimmanci a garin nan fiye da wurare da yawa. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma ke kin san yadda Disamba da Janairu suke: da asuba kowane gida an kunna gawayi, yara sun kewaye kasko suna jin ɗumi. Yadi mai roba in wuta ta lashe shi narkewa yake ya manne da fata, ƙunarsa ta fi muni. Auduga ma tana ci, kuma da sauri in sakakkiya ce mai faɗi. Saboda haka kayan da yaro zai kwana da su ko ya sa da sassafe, ki yi su su ɗan kama jiki, babu hannu mai lilo, babu dogon siket mai baza.

Akwai tufafin da ko sun yi ƙarfi kamar fata ba na yarda a sa wa yaro. Rigar da aka yi feshin maganin ƙwari ko na ciyawa da ita a gonar dankali ko ta tumatir, wanki ba ya fitar da dafin duka. Haka kayan aikin gareji da suka sha baƙin mai, da na mai gyaran batir. Leshi mai duwatsu da gyale mai ƙyalƙyali su ma ki ajiye su gefe; suna ƙaiƙayi, duwatsun kuma suna ɓallewa su tafi baki.

Wanki kafin yanka wajibi ne, kuma ga dalilin da mutane ba su cika sani ba. Fararen ƙwallayen kafur ɗin nan da muke jefawa a akwati don asu da kyankyasai, yawancinsu naftalin ne. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, abin ya fi yawa ga maza, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Irin waɗannan yara naftalin yana farfasa musu ƙwayoyin jini, ya jawo ciwon shawara, jarirai sabbin haihuwa su suka fi shiga haɗari. Ba a gane yaron da ido. Don haka duk abin da ya fito daga akwati mai kafur, ki wanke shi sau biyu, ki shanya a iska kwana biyu ko uku har sai hancinki ya daina jin warin kwata-kwata. Jariri kuwa gara a nema masa yadin da bai taɓa zama da kafur ba. In kuma akwai wanda ya yi ƙazuwa ko makero da kayan, ki tsoma su a tafasasshen ruwa. Ki shanya a igiya, kada ki baza a ƙasa ko kan ciyawa, musamman da damina, domin akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kayan da ke da danshi, tsutsar ta shige fatar yaro ta yi kamar maruru. Guga mai zafi, ciki da waje, ita ke kashe ƙwan.

Farke ɗinki shi ne aikin da ya fi cin rai. Kada ki wahalar da kanki da bin kowane zare da reza. Inda yadi yake da yalwa, ki bi gefen ɗinkin da almakashi ki yanke shi ki yar. Reza sai a wurin da kike ƙwauron kowane inci, kamar hannun riga. Bayan nan ki yayyafa ruwa ki goge kowane ƙyalle ya kwanta sumul. Yadin da bai sha guga ba ba ya yankuwa daidai.

Akwai kuma sassan da ba a farkewa, domin tela na farko ya riga ya yi miki aikin da ya fi wuya. Kalmasar ƙasan kaftani, ki bar ta ta zama ƙasan rigar yaro. Layin botiran shat da ramukansu, ki bar su yadda suke. Keken ƙafa ba ya yin ramin botir, ga shi kin samu kyauta. Aljihu ki ciro shi ɗungurungum, ki rage shi, ki maida. Zif mai lafiya da botira ki tara su a gwangwani.

Ba sai kin iya zana fasali ba. Ki ɗauki rigar da ta yi wa yaron daidai a yanzu, ko wadda ta ɗan matse shi, ki ninka ta biyu ta tsayi, ki kwantar a kan takardar buhun siminti ko bayan tsohuwar kalanda, ki bi gefenta da biro. Ki ƙara rabin inci ko'ina na ɗinki, ki ƙara inci 1 a gefe na girma, a ƙasa kuma inci 3 don kalmasa mai faɗi da za ki saki baɗi. Wannan takarda ita za ki riƙa yawo da ita a kan ƙyallen kina neman inda babu alamar alli. Abu ɗaya kada ki saɓa: tsayin rigar yaro ya bi tsayin tsohuwar rigar. In kika kwantar da takardar a karkace don ki tsere wa wata huda, rigar za ta murɗe bayan wanki ɗaya, ɗinkin gefe ya dawo kan cibiya. Gara ki yi haɗi, ki sa ƙyalle biyu da ɗinki a tsakiyar baya, da ki yanka a karkace.

Yanzu ga inda hatta teloli suke kuskure, musamman telolin maza da ba su saba ɗinkin yara ba. Yaro ba ƙaramin babba ba ne a siffa. Kansa babba ne ƙwarai a kan jikinsa. Ɗan shekara 2 kewayen kansa yana kai inci 19, ƙirjinsa kuma wajen inci 20 ne, kusan ɗaya ke nan. Babba kuwa kansa wajen inci 22 ne, ƙirjinsa ya doshi ninkin haka. In kika ƙanƙanta wuyan kaftani daidai da yadda kika ƙanƙanta jikinsa, kan yaron ba zai shiga ba, in ya shiga da ƙyar kuma fitarwa sai da kuka. Ki auna kansa da tef, ki tabbata wuyan da tsagar gaba in an buɗe sun fi wannan awo da inci 2. Tsagar inci 5 a gaba ba ta yi yawa ba. Ga kuma tumbi: ƙananan yara ba su da ƙugu, cikinsu a gaba yake. In yana sa famfas ko nafkin, ki ƙara wa bayan wando tsayi da inci 1 zuwa 1 da rabi fiye da gaba, in ba haka ba duk sanda ya sunkuya wandon zai zame.

Da wando nake so ki fara, kuma daga hannun kaftani. Shi ne aikin da ya fi sauƙi, ya kuma fi ba da ƙarfin gwiwa. Yanke hannayen biyu daga kafaɗa, kada ki farke su. Kowane hannu ƙafar wando ce da aka riga aka ɗinke. Hannun babban mutum yakan kai inci 23 ko 24, wandon ɗan shekara 2 kuma bai fi inci 20 ba, kin ga akwai rarar da za ki naɗe ƙubaka. Ninka wandon yaron biyu, ki ɗora shi a kan hannun, bakin ƙafa daidai bakin hannu, ɗinkin hammata ya zama shi ne cikin cinya. Ki bi lanƙwasar hantsa da alli, ki yanke, ki yi wa ɗayan haka. Juya guda ɗaya, ki zura ɗayan a cikinsa fuska na kallon fuska, ki ɗinke lanƙwasar sau biyu, ki naɗe sama ki zura roba. In bakin hannun ya cinye, ki datse inci 1 ki sake kalmasa. Robar ki auna cikin yaron ki rage inci 1, kuma ki bar 'yar ƙofa a ƙubakar, domin roba takan riga yadi mutuwa. Kada ki sa wa ɗan shekara 2 zariya. Ba zai iya kwancewa ba in fitsari ya matse shi.

Jikin kaftanin kuma shi zai ba ki rigar. Gaban yaro daga ƙasan gaban kaftani, bayansa daga baya, hannayensa daga abin da ya rage a gefe. Aikin wuyan babba kada ki yi ƙoƙarin ɗora shi a ƙirjin yaro, ya yi masa faɗi, yana da kauri, kuma shi ne ke tona asirin rigar. Ki yi masa wuya sassauƙa da shafi daga yadin kansa. In kina son ado, layi biyu na zare mai wani launi a kewayen wuya da bakin aljihu sun wadatar.

Ita kuma yarinyar, zani guda ya ishe ta doguwar riga. Zani yadi 2 ne, inci 72 ke nan, faɗinsa kuma wajen inci 45. Ko da inci 20 na tsakiya sun mutu, kina da inci 26 a kowane gefe. Gefe ɗaya ya ba ki siket, ɗayan ya ba ki sama da hannu da ɗan ɗankwali. Faɗin siket ya ninka awon cikinta sau biyu, ki tattara shi da dogon ɗinki layi biyu ki ja zaren. Bakin atamfa na ƙasa in bai cinye ba, shi ne kalmasarki. Ki lura da fuskar zanen kafin ki yanka, kada tsuntsu ya tsaya da ka, ko fure ɗaya ya rabu biyu a tsakiyar ƙirji. Atamfa mai manyan zane tana haɗiye ƙaramar yarinya, don haka manyan su tafi siket, sama kuma ki nemi wurin da zanen ya fi ƙanana, ko ki yi shi da yadi marar zane daga wani kaftanin. Wannan haɗin, saman shadda da siket na atamfa, shi ne ya fi fitowa kamar na kanti. Shat ta maza ma tana yin rigar yarinya mai kyau: ki juya ta, botiran su koma baya. Tsohon hijabinki kuma, wajen fuska ne ke saki. Ƙasansa zai ba ta na Islamiyya, amma ya tsaya mata a ƙugu.

Tsohon yadi yana son a lallaɓa shi a keke. Ki sa siririyar allura, lamba 11 ko 12, sabuwa. Lamba 16 ta jins ce, a kan tsohuwar atamfa huda take bari. Ki ɗan tsawaita takun ɗinkin, domin ɗinki mai ƙanƙanta sosai jera huda yake yi, yadin ya tsage a kan layin. Zare kuma ya zama sabo. Wanda ya shekara goma a aljihun keke shi ma ya ruɓe. Gefen ciki kada ki bar shi tsirara, zai zare. In babu mai keken wibin kusa da ke, ki yi ɗinki biyu: ki fara ɗinkewa ta waje dab da baki, ki juya, ki sake ɗinkewa ta ciki yadda bakin zai ɓuya a tsakiya. Ya fi ƙarfi, kuma ba ya cin fatar yaro. Gwiwar wando ki liƙa mata ƙyalle ta ciki tun yanzu, kada ki jira sai ta huje. In za ki haɗa sabon yadi da tsoho, ko da shafi ne, ki wanke sabon tukuna. Sabo yana tsukewa a wankin farko, tsoho ya gama tsukewarsa tuntuni, sai sabon ya ja shi ya yage.

Botira ga ɗan ƙasa da shekara 3, in da hali a bar su, in dole ne a sa su a baya a ɗinke su tamau, kuma ki riƙa jan su bayan kowane wanki. Igiya a wuya ko a hular rigar sanyi kada ki sa sam. A Turai ma ƙa'idarsu ta hana sa irin wannan igiya a kayan yara 'yan ƙasa da shekara 7, saboda tana maƙalewa a ƙofa ko a lilo ta shaƙe yaro.

Ba ki ambaci kayan sanyi ba, amma a Jos ai su ne rabin suturar yaro. Tsohuwar suwaita guda tana ba da abu uku. Hannayenta wando ne mai ɗumi, yadda na faɗa miki a kaftani, bakinsu mai roba kuma ya kama idon sawu. Ƙasanta mai roba, in kika yanko inci 8 kika ɗinke gefe kika tattare sama, hula ce. Tsakiyarta kuma 'yar shara ta sawa a kan riga. Matsalar kawai saƙa ce, in aka yanka tana warwarewa, keken ƙafa irin Butterfly kuma miƙaƙƙen ɗinki kawai ya iya. Dabarar ita ce ki yi ɗinki layi biyu a kan allin kafin ki yanka, sannan ki yanka ta wajen layin. Wajen haɗawa ki riƙa ɗan jan yadin a hankali yadda ɗinkin zai iya miƙewa ba tare da ya tsinke ba. Tsofaffin rigunan auduga masu laushi irin na shan iska su ma haka ake bi da su, kuma babu abin da ya fi su yin fant da singileti da kayan barci. In akwatinku babu suwaita, ki leƙa 'yan gwanjo a Katako, ki wuce inda ake rububin kayan yara, ki nemi manya-manyan na maza da suka kwanta a ƙasan dila saboda wani tabo ko huda guda. Su ne ba a ja musu kuɗi, ke kuma yadi kike saye, tabon bai dame ki ba.

In wani ɗinkin ya fi ƙarfinki har za ki kai wa tela, bari in gaya miki gaskiyar da ba ma faɗa a gaban mai kaya: ba ma son wannan aiki. Farkewa da guga da kewaye huda sun fi ɗinkin sabon yadi cin lokaci, mai kawowa kuma tana ganin tunda tsohon kaya ne ya kamata a rage mata kuɗi. Shi ya sa ake karɓa a jefa ƙarƙashin tebur, ki yi ta zarya. Ki farke da kanki, ki wanke, ki goge, ki ninke, ki kai shi a matsayin yadi tare da rigar awo. Kuma kada ki kai cikin azumi ko ana saura mako biyu Babbar Sallah. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan Sallah da mako guda kekuna sun yi shiru, a lokacin za a karɓe ki hannu biyu.

Na san akwai abin da ke ranki da ba ki rubuta ba, wato bakin mutane. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 gidaje da yawa da ba su taɓa tunanin haka ba sun koma yi, sai dai ba mai faɗa. Iyayenmu ma haka suka yi, har a zamanin da masaƙun Kaduna ke aiki atamfa na da sauƙi. Zani ya tashi daga na fita ya koma na gida, ya koma na goyo, ya koma rigar yarinya, ya ƙare a nafkin. Abin da ke jawo gori shi ne ɗinkin da bai zauna ba da kuma yadin da kowa a unguwa ya haddace. Ankon bikin da rabin matan layinku suka yi, ko kaftanin da maigida ya shekara uku yana zuwa Juma'a da shi, waɗannan ki mai da su kayan zaman gida da na barci. Na fita kuma ki zaɓo daga waɗanda suka daɗe ba a gani ba. Yara a shekarun naki ba ruwansu, sau da yawa ma murna suke a ce rigar Abba ce. Sai sun kai shekara 7 ko 8 suke fara jin nauyi, a lokacin sai ki riƙa shawara da su kafin ki yanka.

Ki fara da kaftanin da ya fi kowanne lalacewa, ki yi wandon nan na hannu, ko ya karkace babu asara. Mai kyaun cikinsu, da zannuwan Mama in sun zama naki, ki bar su sai kin yi ɗinki uku ko huɗu hannunki ya faɗa. Takardun awon kuma ki rubuta sunan yaro da wata a jikin kowace, ki soke su a ƙusa bayan ƙofa, domin nan da wata shida ɗan shekara biyun nan ya wuce su, sai ki ɗora a kan sabuwar takarda ki ƙara inci 1 a tsayi da rabin inci a gefe.